Gida ɗaya, sunaye goma sha biyar: binciken tangarɗar masauki a kan uwar garke

1. Gabatarwa

Wannan maƙala tana duba matsalar da ke tasowa idan aka ɗora shafukan intanet da dama a kan uwar garke guda, wato abin da ake kira hôtes virtuels da Faransanci. A nan za mu kira kowane ɗayansu "masauki". Misalin da muka zaɓa na kusa da gida ne. Gundumar Tasawa tana da kwamin 7, ta Mayahi kuwa 8. Mu ɗauka an sa wani ɗalibinmu ya buɗe wa kowace kwamin shafinta a kan kwamfuta ɗaya mai adireshin IP ɗaya, ta amfani da Apache. Ranar da ɗan kwangila ya nemi sanarwar Korgom sai ta Attantane ta fito masa, ya shirya takardunsa bisa wa'adin da ba nasa ba, to magana ta wuce ta ƴan fasaha.

2. Yadda Apache ke zaɓen masauki

Tun daga HTTP/1.1 na 1997, wajibi ne burauza ta faɗi sunan shafin da take nema a cikin layin Host. Kafin nan, kusan kowane shafi sai da adireshinsa. Apache yana tacewa sau biyu. Da farko yana duba adireshi da ƙofar da buƙatar ta shigo, 80 ko 443. Sannan, a cikin masaukan da suka rage kaɗai, yana neman wanda ServerName ko ServerAlias ɗinsa ya dace da sunan. In bai samu ba, ba ya cewa komai: sai ya miƙa baƙon ga masaukin da ya fara karantawa. Yawancin ruɗanin daga wannan shiru yake fitowa. A tsarin Debian da Ubuntu ana karanta fayilolin bisa jerin haruffa, shi ya sa aka raɗa wa na asali suna 000-default.conf. In an kashe shi, Attantane ce za ta gaji baƙin kowa, don kawai sunanta ya fara da "a".

Tacewar farko ma tana da tarkonta. Idan masauki ɗaya ya ambaci adireshin IP a fili, sauran kuma suka yi amfani da *:80, Apache zai fifita na farkon, ba zai ko leƙa sunayen sauran ba.

3. Matsalar suna a ƙasa mai rubutu biyu

A ganinmu nan ne littattafan koyarwa na waje ba su isar da mu. Garuruwanmu suna da rubutu biyu: Tessaoua da Tasawa, Tchaké da Cake, Maïjirgui da Maijirgi. Ma'aikacin ofis zai buga na Faransanci, malamin Hausa ya buga nasa, kuma a wurin Apache sunaye ne mabambanta, kamar yadda suna mai www a gaba ya bambanta da marar shi. Dole a zaɓi ɗaya a matsayin ServerName, a jera sauran a ServerAlias, a kuma yi wa kowanne rajista a DNS. ServerAlias kaɗai ba ya ƙirƙirar suna. Yana karɓar wanda ya riga ya iso ƙofa ne.

Haruffa irin su ï da é, ko namu ɗ da ƙ, ba sa tafiya yadda suke. Burauza tana mai da sunan zuwa siga mai farawa da xn--, kuma wannan sigar ce Apache ke gani. Shawararmu ita ce a guje su a sunan shafi, ko da yake mun san abokan aikinmu masana harshe ba za su ji daɗin haka ba.

4. Bin sawu

Kafin a taɓa kowane fayil, a tabbatar sunan yana kaiwa ga adireshin da ake zato, da umarnin dig ko nslookup, kuma a leƙa /etc/hosts ko an bar layin gwaji a ciki. Daga nan sai apachectl -S, wanda ke nuna masaukan da Apache ya karanta da gaske, da wanda ya ɗauka na asali. Masaukin da ba ya cikin jerin, ko dai ba a kunna shi da a2ensite ba, ko sunan fayil ɗinsa bai ƙare da .conf ba.

Idan masaukin daidai ne amma amsa 403 ke fitowa, sau da yawa laifin tsohon misali ne da aka kwafo. Apache 2.4 na 2012 ya maye gurbin Order da Allow da Require all granted, kuma NameVirtualHost ya daina aiki. In ba wannan ba, a duba ko www-data yana da izinin ratsa duk manyan jakunkunan da ke kan hanyar DocumentRoot. Ware wa kowane masauki ErrorLog nasa yana rage wahalar.

A ƙofa 443, sunan yana zuwa tun kafin a rufe layi, ta hanyar SNI da aka tsara a 2003. Gargaɗin cewa takardar shaida ta wani shafi ce yawanci yana nufin an faɗa masaukin asali, ko kuma rubutu ɗaya kawai aka sa a takardar, Tessaoua ba Tasawa.

Saura abu ɗaya da ya taɓa cin mu. Apache ba ya karanta gyara sai an sake loda shi, saboda haka kuskuren rubutu yana iya kwana makonni a fayil, shafuka na aiki lafiya. Ranar da aka ɗauke wuta, kwamfuta ta sake tashi, Apache ya ƙi tashi, duka shafukan suka mutu tare, alhali mai gyaran ya manta abin da ya taɓa. Tun daga nan ba ma rufe fayil sai mun buga apachectl configtest, sannan mu sake loda Apache nan take, muna zaune a gabansa.