Gargaɗi ga mutanen Droum da kewaye: kada mai ciwon sukari ya fita babu alama a hannu

Jama'ar Droum da ƙauyukan da ke kewaye da ita, a saurara, kuma wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba. Duk gidan da ke da mai ciwon sukari, musamman wanda ake yi wa allurar insulin ko mai shan ƙwayar glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil, kada a bari ya sake fita gona, kasuwa ko tafiya ba tare da alama a wuyan hannunsa mai faɗin ciwonsa ba. A yi ta cikin satin nan, kada a jira sai an samu sarari.

Dalilin gaggawar shi ne faɗuwar sukari. Yawancinmu hawansa muka sani, shi muke tsoro, alhali faɗuwarsa ta fi saurin kisa. Mutum ya sha maganinsa da safe bai karya kumallo ba, ko ya karya kaɗan ya wuce gona ya yi ta noma har rana ta take, ko ya ɗauki azumi cikin zafin Afrilu da Mayu. Maganin yana nan yana aikinsa, abinci kuwa babu. Idan awo ya sauka ƙasa da giram 0.70 a lita, wato 70 a na'urorin da ke ƙirga da manyan lambobi, jiki ya shiga haɗari. Ƙwaƙwalwa da sukari take aiki, kuma ba ta da ajiya.

Ga yadda abin yake zuwa, don a gane shi. Dattijo yana tsaye gaban mai awon hatsi, sai gumi mai sanyi ya karyo masa har riga ta manne a bayansa. Hannu na rawa, kuɗin da ya riƙe suna zubewa. A yi masa magana ya amsa da wata daban, harshe ya yi nauyi, ko ya hau faɗa babu gaira babu dalili, mutumin da ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Ya yi taku biyu yana tangaɗi, ya zube. Nan take a kewaye shi. Wani ya ce tiramol ne, wani ya ce farfaɗiya, wata ta ce iska ce ta buge shi a nemo malam. Mai tausayi ya ɗebo ruwa ya ɗura masa a baki, ruwan ya bi ta hanyar numfashi. Kowa da kyakkyawar niyya, amma babu wanda ya san abin da ke damunsa, shi kuma bakin da zai faɗa ya riga ya rufe. Ƙwayar sukari uku da an ba shi tun yana iya haɗiya, da ya miƙe da ƙafafunsa.

Alamar hannu saboda wannan lokacin ake yin ta. Tunanin ya samo asali ne a Amurka, inda wani likita, Marion Collins, ya kafa ƙungiyar MedicAlert a 1956 a garin Turlock na jihar Kalifoniya, bayan 'yarsa ta kusa mutuwa sakamakon wata allura da jikinta ba ya karɓa. Tun daga nan ma'aikatan agaji a ƙasashe da dama suka saba duba wuyan hannu da wuya kafin su taɓa wanda ya suma. Mu da tsakaninmu da Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram sai an nemi kabu-kabu ko mota, wani lokacin ma amalanke kafin a kai bakin hanya, mun fi su buƙatarta.

Akwai kuma haɗarin da ya keɓanta da mu. Da damina, duk wanda aka kawo a sume ko yana sambatu, zazzaɓin cizon sauro ake fara zato, kuma da gaskiyar masu zaton. Sai dai zazzaɓi mai tsanani shi kansa yana saukar da sukari, maganin kinin ma yana ƙara saukar da shi. Ma'aikacin gidan likita na CSI da ya ga alama a hannu zai fara da awon sukari, ya san irin ruwan da zai ƙara da abin da zai kiyaye. Wanda bai gani ba sai ya yi ta laluben abin da ɗan ƙarfe guda zai gaya masa nan take.

To, ina za a samu? Kada kowa ya zauna jiran a kawo masa daga Turai ko ya ɓata kuɗi a intanet. Wasu na can rubutunsu ƙanana ne, wasu ma sai an haska su da babbar waya mai intanet kafin a ga bayanin, abin da ba zai yi amfani a bakin gona ba. A tambaya a farmasi a Damagaram. In an dace, madalla. In ba a dace ba, ƙasar nan ba ta rasa maƙera da dukawa ba, sana'ar fata kuwa da ita aka san Damagaram tun da daɗewa. A je wurin maƙerin farfaru, a kasuwar Dole ko a duk inda aka san gwani, a ce ya yanko ɗan falle na azurfa ko ƙarfen da ba ya tsatsa, faɗinsa kamar yatsa biyu, ya huda gefe da gefe, ya sassaƙa rubutun da zurfi yadda gumi da wanki ba za su goge shi ba. Baduku ya sa masa maɗauri mai ƙarfi. A tsaya a kansa yana rubutawa, a karanta harafi bayan harafi kafin a biya, domin lamba ɗaya ta kuskure a lambar waya, aikin ya tashi a banza.

Abin da za a rubuta kaɗan ne. A fuskar da ake gani, da manyan baƙaƙe: DIABÈTE, a ƙarƙashinsa CIWON SUKARI. Na farkon domin ma'aikatan lafiya, namu da na Najeriya duk za su gane shi. Na biyun domin mutanen kasuwa da tasha. In da wuri a ƙara da ajami, saboda a ƙauyukanmu masu karanta ajami suna da yawa. A baya a sa sunan mai ciwon, sunan maganin da yake kai, insulin ko glibenclamide, da lambar wayar ɗan'uwan da ba ya kashe waya. Masu zuwa cin rani Kano, Daura, Agadas ko wuraren haƙar zinariya su fara lambar da +227, yadda za a same ta daga kowace ƙasa. Ranar da likita ya canja magani, a canja rubutun.

Kada a naɗe takarda a ɗinke ta cikin fata. Duk wanda ya gani zai ɗauka laya ce ko kambu, kuma babu mai farke layar wani. Rubutu a waje yake zama, a fili, inda ido zai faɗa kansa da an kama hannun. Takardar asibiti a aljihu tana da kyau, amma riga ana canja ta, mata da yawa ma ba su da aljihu.

Na san maza za su ce munduwa ta mata ce. A ɗaura fallen a jikin maɗaurin agogo, ko a rataya shi a wuya da igiya mai ƙarfi, magana ta ƙare. Wadda ta fi damuna ita ce ta masu ɓoye ciwon, musamman iyayen 'yan mata da samari, don gudun kada a ce gidan wane akwai cuta. Ciwon sukari ba abin kunya ba ne, ba a kuma ɗaukarsa wurin wani. Ƙididdigar Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta 2021 ta nuna manya miliyan 537 ne ke da shi, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka kudu da Sahara, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su ma san suna da shi ba. Yaron da ke kan insulin, malaminsa na boko da na allo dole su sani, abokan wasansa ma su sani.

A yi hattara da masu yawo da awarwaron maganaɗisu ko na tagulla suna cewa yana warkar da sukari ko yana zuƙe shi daga jini. Ƙarya ce tsagwaronta. Babu ƙarfen da ke sauke sukari, kuma wanda ya bar maganinsa saboda irin wannan talla ya jefa ransa cikin halaka. Alamar da muke magana a kai sanarwa ce kawai, magani yana nan a matsayinsa.

Ku kuma da za ku tarar da mai alamar a cikin wannan hali, ga abin yi. In idonsa biyu kuma yana iya haɗiya, a zaunar da shi a inuwa, a ba shi ƙwayar sukari uku, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi. A jira minti 15. In bai dawo daidai ba a sake. Da ya farfaɗo a ba shi abinci mai riƙe ciki, fura ko tuwo ko burodi. Kada a tsaya gardamar ko sukarin hawa ya yi: ƙwaya uku ba za su kashe wanda nasa ya hau ba, rashinsu kuwa na iya kashe wanda nasa ya faɗi. Mai azumi ya karya nan take, addini bai ɗora wa marar lafiya abin da zai halaka shi ba. In kuwa ya riga ya suma, kada a sa masa komai a baki, ko ruwa, ko rubutu, ko nono. A kwantar da shi ta gefe, a kira lambar da ke bayan alamar, a garzaya da shi gidan likita mafi kusa, a kuma faɗa tun daga bakin ƙofa cewa mai ciwon sukari ne. Mai shan glibenclamide ko ya farfaɗo a kai shi likita, domin ƙwayar tana daɗewa a jiki, sukarin na iya sake faɗuwa cikin dare.

Muna roƙon limamai su faɗi wannan bayan sallar Juma'a, masu gari su sa a yi shela ranar kasuwa, ma'aikatan lafiya kuma su riƙa tambayar duk wanda ya zo karɓar magani ina alamarsa. Wanda ke da uba, uwa, mata ko ɗa mai wannan ciwo, ya duba hannunsa yau. In babu komai, gobe ya kama hanyar maƙera.