Shin Ko Kun San Manhaja Ma Sai Ta Bi Ta Ƙofa?

Tsohon birnin Sakkwato da ganuwa aka kewaye shi. Mai shiga sai ya bi ta Ƙofar Atiku, ko Ƙofar Rini, ko Ƙofar Kware, ko Ƙofar Marke. To jama'a, kwamfuta ma haka take! Windows gari ne, Mac gari ne, Linux gari ne, kowanne da ganuwarsa da ƙofarsa. Wanda ya ƙera manhaja ya ɗaure ta zai aika wa mutane, a bakin ƙofar nan yake shan mamaki. Ku biyo ni ku ji.

Shin ko kun san duk fayil ɗin .exe na Windows da haruffa biyu yake farawa? M da Z. Farkon sunan Mark Zbikowski ne, injiniyan da ya yi aikin MS-DOS a kamfanin Microsoft. Sama da shekara 40 ke nan sunan bawan Allahn nan yana cikin kowace kwamfutar Windows ta duniya, har da wadda ake buga muku takardu da ita a Ƙofar Atiku!

Linux fa? Shi haruffan ELF yake nema a goshin fayil. Mac kuma tsarin Mach-O ya sani. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Shi ya sa in ka kwafo manhajar Windows a filas ka kai wa mai Mac, ko motsi ba za ta yi ba.

Ga wani abin mamakin. Shin ko kun san Mac tana da sarkin ƙofa? Sunansa Gatekeeper, ma'anarsa mai tsaron ƙofa. Apple ya naɗa shi a 2012. Manhajar da ba ta da sa hannu da hatimin Apple, sai ya tare ta. Rajistar da ke ba mai ƙera manhaja damar samun wannan hatimi dala 99 ce duk shekara. Ku lissafa da naira ku gani!

Windows ma da nasa ɗan gadin, SmartScreen. Baƙuwar manhajar da bai saba gani ba, sai ya fito da allon gargaɗi mai launin shuɗi, ko da lafiyarta ƙalau.

Yanzu ga wanda ya shafe mu kai tsaye. Shin ko kun san sunan Ƙofar Atiku kansa yana iya kayar da manhaja? Ƙwarai kuwa! Harafin Ƙ mai lanƙwasa ba ya cikin tsohon jadawalin haruffa na Windows-1252, wanda gurbi 256 kacal gare shi. Haka ɗ da ɓ. Tsohuwar manhajar da ba ta san Unicode ba, in ta ci karo da folda mai suna Ƙofa, sai ta karanta ?ofa. Ta nemi foldar ta rasa. Sai ta tsaya cak! Wanda ya sa wa kwamfutarsa suna Ɗanladi ko Bilƙisu, ya kula.

Maganin kuwa a gidan cin abinci aka haife shi! A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8 a wani gidan abinci a jihar New Jersey ta Amurka, a kan takardar da ake ɗora faranti. A cikinsa harafin K bayit ɗaya yake ci, Ƙ kuma bayit biyu. Ikon Allah!

Ku gwada wannan yau. Ku buɗe sabuwar folda a Windows 10 ku sa mata suna CON. Ba za ta yarda ba! Haka PRN, AUX da NUL. Sunayen na'urori ne da aka keɓe tun zamanin DOS. A Linux kuwa ba mai hana ka. Sai an kai kayan kan Windows rigima ta tashi.

Shin ko kun san a wurin Linux, Hoto.png daban, hoto.png daban? Windows da Mac kuwa, a yadda suke zuwa, abu ɗaya suke ɗaukarsu. Harafi guda, babba ko ƙarami, ya isa ya sa tambarin manhaja ya ɓace.

Tsawon adireshin fayil ma da iyaka. A tsohuwar ƙa'idar Windows haruffa 260 ne. Folda cikin folda cikin folda, kafin ka ankara ka wuce gona da iri.

Wannan kuwa sai kun riƙe baki. A Windows mai bit 64, foldar System32 fayilolin bit 64 ne a cikinta. Na bit 32 kuma suna cikin SysWOW64. Kun ji fa! Sunan yana gabas, kayan suna yamma.

Kun taɓa ganin saƙon cewa ba a sami MSVCP140.dll ba? Masu gyaran kwamfuta sun san shi kamar yunwar cikinsu. Mai manhajar ne ya ɗaure kaya ya manta da guzuri. A kwamfutarsa fayil ɗin yana nan, a taku babu. Kunshin Visual C++ na Microsoft ne ke kawo shi, kuma kyauta ne.

Shin ko kun san ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, yana iya hana manhaja sauka? In ya mutu a tsohuwar kwamfuta, da an ɗauke wuta agogo sai ya koma shekarun baya. Kwamfuta ta duba takardar shaidar shafin da za a sauko da manhajar, ta ga ranar fara aikinta ba ta zo ba tukuna. Sai ta ƙi!

Filas ɗinku fa? In tsarin FAT32 ne, fayil ɗaya ba zai haura gigabayit 4 ba, ko da filas ɗin mai gigabayit 64 ne kuma babu komai ciki.

Me ya sa ƙaramar manhaja take cinye data? Irin su VS Code da Slack da Discord an gina su da Electron, kowace tana goye da burauzar Chromium sukutum. Shi ya sa nauyinsu kan kai megabayit 100 ko ya zarce.

Tabɗijam, har uban Linux ya koka! A 2014, a taron Debian, ɗaya daga cikin ire-iren Linux, Linus Torvalds ya ce manhajarsa ta masu ninƙaya a ƙarƙashin teku, Subsurface, sun fi samun sauƙin ɗaure ta don Windows da Mac a kan Linux ɗin da ya ƙirƙira da hannunsa. Can hanyoyin ɗaure manhaja barkatai suke: akwai deb, akwai rpm, ga Snap, ga Flatpak, ga AppImage. Sunan Debian kuwa haɗin Debra ne da Ian, wato Ian Murdock da ya kafa shi a 1993 da budurwarsa ta lokacin.

Apple kuma sau uku yana sauya ƙwaƙwalwar Mac: PowerPC a 1994, Intel a 2006, M1 a 2020. A 2019 kuma tsarin Catalina ya sallami duk manhajojin bit 32 rana ɗaya!

Don haka, matasanmu masu ƙera manhaja a Sakkwato, kafin ku raba, ku gwada ta a wankakkiyar kwamfutar da ba a taɓa sa mata komai ba. Ku gwada a Windows, ku gwada a Mac, ku gwada a Linux. Sannan ku zuba ta a folda mai suna Ƙofar Atiku ku ga ko za ta tashi. Mai karatu, in ka ƙaru, ka kai wa na kusa da kai labari.