Intanet Marar Waya: Samuwa da Tsada

Intanet marar waya mai cin dogon zango iri biyu ce. Akwai ta turakun sadarwa, wadda ƙarfinta kan ragu idan an nisanci gari. Akwai kuma ta tauraron ɗan'adam, kamar Starlink, wadda ta shigo Nijeriya a 2023. Taurarinta suna shawagi ɗaruruwan kilomita daga ƙasa, don haka faifanta yakan kama har a ƙauye.

Sai dai akwai tsada. Faifan yakan ci dubban ɗaruruwan naira, kuɗin wata kuwa ya haura rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024. Mafita ita ce karo-karo: makaranta ko unguwa ta sayi faifai guda, kowa ya amfana.