Gaiwa: kifin da ruwa ke iya kashewa

Idan ruwa ya janye daga fadamun Gulbin Zamfara, daga Anka har Gummi, karfasa da kurungu ko dai su bi ruwan su koma gulbi, ko su ƙare a hannun masunta. Gaiwa kuwa ba ta zuwa ko'ina, ƙasa take shiga.

Gane ta ba wuya. Jikinta dogo ne mai santsi, launin toka zuwa ruwan ƙasa, da ɗigo-ɗigon baƙi. A maimakon fiffike irin na sauran kifaye, wasu siraran abubuwa huɗu gare ta kamar zare, biyu kusa da kai, biyu can baya. Masu ɗaukar ta tarwaɗa su duba baki: tarwaɗa na da gashin baki, gaiwa ba ta da shi. Babba takan kai mita 1. A kiyayi bakin nan, domin haƙoran da ke fasa katantanwa ba za su ji tausayin yatsa ba.

Gaiwa tana da huhu guda biyu. Dole lokaci-lokaci ta leƙo saman ruwa ta shaƙi iska, in aka danne ta a ƙarƙashi ta daɗe sai ta mutu. Wannan huhun ne ke raba ta da rani lafiya. Tun laka na da danshi take kutsawa ciki, ta naɗe, wutsiya bisa kai, ta fitar da yauƙi wanda zai bushe ya zame mata kwanso, sai 'yar kafar iska ta wajen baki. Ba ci, ba sha, har damina. Naman jikinta take narkarwa a hankali ta rayu, don haka Bahaushe da ya ce gaiwa jikinta take ci bai yi ƙarya ba. Masani ɗan Ingila Richard Owen ya bayyana ta a littattafan kimiyya a 1839, amma masu haƙo ta da fartanya a busasshen tafki sun riga shi sanin makwancinta.

Da ruwa ya sauka kwanson zai jiƙe ta fito da yunwa. A daminar take hayayyafa, kuma namijin ne ke gadin ƙwai da 'ya'ya a ramin da ke cikin ciyawar ruwa har su yi wayo.