Inda Za a Nemi Takardun Binciken Mutuwa na Ƙasar Pauwa

A ƙasar Pauwa da maƙwabtanta, watau Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da wuya a sami babban gida wanda ba shi da labarin wani kaka da ya rasu ba bisa shimfiɗarsa ba. Wani ruwa ya ci shi, wani rijiya ta rufta masa, wani kuwa an tsinci gawarsa a hanyar kasuwa. Irin wannan labari a baki yake yawo, kowane tsoho da yadda yake faɗinsa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, irin wannan mutuwa ita ce ta fi barin takarda a baya, don hukuma ba ta yarda a wuce ta ba sai an bincika. Muna so mu nuna wa akawuna da malaman makaranta inda ya kamata su nemi waɗannan takardu.

Asalin wannan al'ada daga Ingila ne. Tun cikin 1194 aka kafa muƙamin mai binciken mutuwa a can, Turawa kuma suka zo da shi Nijeriya. Aikinsa shi ne ya amsa tambaya huɗu: wane ne ya mutu, yaushe, a ina, kuma ta yaya. Ana yin binciken idan mutuwar ta zo ta hanyar rauni ko haɗari, ko ba a san sanadinta ba, ko kuwa mutum ya mutu a gidan yari ko a hannun 'yan sanda. A lardunan Arewa Joji ko majistare ne yake zama a wannan matsayi. Ga mai neman tarihin gida, shaidun su ne ribar takardar, gama a cikinta ake rubuta sunan wanda ya gane gawa, da dangantakarsa da mamacin, da ƙauyensu, da sana'arsu.

Amma kada mai bincike ya zaci kowace mutuwa ta kai gaban Joji. A zamanin En'e, idan abu ya faru a ƙauye, mai unguwa ya kan gaya wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, watau Sarkin Pauwa idan a ƙasar Ƙanƙara ne, shi kuma ya aika Katsina. Idan ana zargin kisa ne, shari'ar ta kan je majalisar Sarki, a yi ta bisa mazhabar Malikiyya, inda ake maganar ƙisasi da diyya da rantsuwa hamsin ta dangin mamaci. Hukuncin kisa kuwa ba a zartad da shi sai Razdan ya duba, Gwamna ya sa hannu. Saboda haka magana guda tana iya barin sawu a wuri uku: littafin alƙali, da fayil na lardi, da fayil na Sakatariyar Kaduna. Kotunan suna hannun En'e har 1968, lokacin da gwamnati ta karɓe su.

To, ina takardun suke yanzu? Mafi yawan abin da ya tsira yana Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, a kan titin Yakubu Gowon. Wannan ma'aikata ta samo asali ne cikin 1954 a Ibadan, bisa ƙoƙarin Dokta Kenneth Dike, daga baya aka buɗe reshe a Kaduna da Inugu. An jera fayilolin bisa ofishin da suka fito, kowane da alamarsa: KATPROF ta Lardin Katsina, ZARPROF ta Zariya, KANOPROF ta Kano, SNP kuwa ta Sakatariya. Jerin sunayen fayil da Turanci yake, kalmar da za a nema a ciki ita ce Inquest, sa'an nan a duba shari'o'in kisan kai da rahoton shekara na lardi.

A nan ne masu nema da yawa suke ɓata. Mutum ya kan ce shi Bakatsine ne, ya tsaya a kan takardun Katsina kaɗai, ya koma gida hannu banza. Alhali kuwa daga zuwan Turawa cikin 1903 ƙasar Katsina tana cikin Lardin Kano ne, cikin 1926 aka mai da ita ƙarƙashin Zariya, sai cikin 1934 ta zama lardi mai zaman kanta. Ke nan wanda kakansa ya rasu cikin 1920 ya haɗa da takardun Kano, na 1930 kuwa ya haɗa da na Zariya. Haka kuma Jihar Katsina ba ta samu ba sai 1987, saboda haka abin da ya faru kafin nan zai iya kasancewa a Kaduna ko da na bayan mulkin kai ne.

A lura kuma, wurin da mutum ya mutu shi ke ɗaukar binciken, ba garin haihuwarsa ba. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas na haƙar kuza a Jos, da yawa ba su komo ba. Wanda ya rasu can, a takardun JOSPROF za a neme shi. Wanda ya gamu da ajalinsa a kan hanyar jirgin ƙasa da ta bi ta Funtuwa ta kai Ƙauran Namoda cikin 1929, sai a tambaya a ƙasar wane lardi abin ya faru.

Kafin a hau mota zuwa Kaduna, a fara da tsofaffin gida. A rubuta sunan mamaci na yanka, da laƙabinsa, da sunan mahaifinsa, da sunan dagacin da ke kan gado a lokacin. Tsoho ba zai ba ka shekara ba, amma zai ce bayan yunwar Kakalaba ne, watau 1914, ko shekarar annobar mura ta 1918, ko kafin rasuwar Sarki Dikko cikin 1944, ko shekarar da Sarauniya ta zo Kaduna, 1956. Da wannan sai a rage shekarun da za a bincika su koma biyu ko uku. A tuna kuma Bature ya kan rubuta suna yadda kunnensa ya ji, Usman ya zama Osuman, Abdu ya zama Audu. Littattafan alƙalai na farko kuwa da Larabci suke, sai a tafi da malami. Bayan haka a leƙa Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa cikin 1970, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina.

Akwai gargaɗi biyu. Na farko, ba dukan fayil ne ya tsira ba. Gara da ruwa da sakaci sun ci nasu rabo, rashin samun takarda kuwa bai ƙaryata labarin tsoho ba. Na biyu shi ne mafi nauyi. A cikin takardar za a ga sunan wanda aka zarga, jikokinsa kuwa watakila su ne maƙwabta ko surukai a yau. Maganar da shari'a ta kashe shekara saba'in da suka wuce, ba ta mai bincike ce ya tayar ba. Ya ɗauki sunaye da shekaru domin salsalar gidansu, ya bar sauran inda ya same shi.

Dalilin da ya sa muka ga wannan aiki ba na jira ba ne, kowa ya san abin da ƙasashen nan uku suka gani a hannun 'yan bindiga, har da sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020. Ƙauyuka sun tashi, tsofaffin da suka riƙe salsala sun warwatsu, an binne mutane da yawa ba tare da wani ya rubuta ko sunansu ba. Akawun da ya zauna cikin 1935 ya rubuta shaida da alƙalami bai san jikan wani zai zo nema ba, amma ya rubuta. Muna roƙon kowane malami da kowane akawu ya ajiye littafi guda, ya rubuta wanda ya rasu a garinsu, da rana, da wuri, da sanadi, da wanda ya shaida. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.