Kartar Duba Ta Turawa Da Masu Juyayin Rasuwa

Duk wanda ya daɗe a kurmi ya san zafin labarin rasuwa daga gida. Waya za ta yi ƙara, a ce mahaifiya ta cika da asuba, kafin mutum ya sami mota a Agege ko Sabon Ibadan an riga an kai ta makwancinta. Mai irin wannan ciwo yana da sauƙin kamu, kuma yanzu cikin wayar da ke aljihunsa akwai masu tallan wata karta da suke cewa tana sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Turawa suna rubuta sunanta Tarot, amma a baki taro suke cewa, ba fa taron jama'a ba, ba kuma taro na kwabo uku ba.

Kartar guda 78 ce. Guda 56 sun kasu gida huɗu kamar kartar da aka sani, sauran 22 kuwa manyan hotuna ne, irin su Sarki, da Wawa, da Rana, da Mutuwa. Karta ta shiga Turai ne wajen shekarun 1370, kuma masana tarihi sun danganta ta da kartar Mamaluki na Masar, wadda take da kofuna da takubba da kuɗi da sandunan folo. Wajen 1440 masu sarauta a arewacin Italiya, a birane irin su Milan da Ferrara, suka ƙara mata manyan hotunan nan. Don wasa suka yi haka, kuma har gobe ana buga ta a Faransa a matsayin wasa kawai.

Maganar duba daga baya ta shigo. A cikin shekarar 1781 wani malamin coci mai suna Antoine Court de Gébelin ya rubuta wai kartar ta ƙunshi asirin limaman tsohuwar Masar. Ba shi da hujja ko ɗaya, don kuwa sai a 1822 aka fara gane karatun rubutun Fir'aunoni. Amma zancen ya yi wa mutane daɗi, 'yan duba suka cafe.

Wadda ta fi yaɗuwa yau ita ce wadda aka buga a Landan a 1909, Arthur Waite ya tsara, wata mace Pamela Colman Smith ta zana. A cikinta akwai kati mai kofuna biyar. Mutum ne cikin baƙin mayafi, ya sunkuyar da kai yana kallon kofuna uku da suka tuntsire, alhali a bayansa akwai biyu a tsaye bai waiwaya ya gan su ba. Can gefe ga kogi, ga gada. Kati na 13 kuwa ƙwarangwal ne bisa farin doki, sarki na kwance a ƙasa, amma can nesa ga rana tsakanin hasumiya biyu. Masu amfani da kartar suna cewa wannan ba ya nufin wani zai mutu, wai alamar ƙarewar wani zamani ne da shigowar wani.

To, masu riƙe da ita iri biyu ne. Akwai waɗanda ke cewa su ba gaibu suke nema ba. Mutum zai ɗauki kati ya dube shi, a tambaye shi abin da ya tuna masa, daga nan bakinsa ya buɗe ya faɗi abin da ya kasa faɗa tun ranar jana'iza. Akwai kuma masu cewa za su gaya maka halin da mamacinka yake ciki, ko saƙon da ya aiko, su karɓi kuɗi. Wannan tsohuwar kasuwa ce. Bayan Yaƙin Duniya na Farko dubban iyaye a Ingila sun yi ta zarya wurin masu da'awar magana da matattu.

Ga Musulmi hukuncin na biyun a fili yake. Bokanci ne, ɗan'uwan bugun ƙasa, kuma hadisi ya zo a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Na farkon ma, a ganina, gaɓar kogi ce mai santsi, don wanda ya fara da "me wannan hoto ya tuna mini" bai da wuya ya koma "me ya ce zai same ni".

Amma abin da Baturen yake nema wurin kati ba abin dariya ba ne. Wanda zai zauna ya saurare shi yake nema. A gida zaman makoki ne ke wannan aiki: tabarma a ƙofar gida kwana uku, maƙwabta na kawo abinci, kowa ya zo ya ambaci alherin mamaci ya yi addu'a. Ɗan ci-rani kuwa sau da yawa washegari yana bakin rumfarsa a kasuwar Mile 12, ko bisa babur, ba wanda ya san an yi masa mutuwa. Gaya wa limamin unguwa ko Sarkin Hausawa ba ya cin ko kwabo. A sanar bayan sallar magariba, a shimfiɗa tabarma ko da ta yini ɗaya ce, 'yan garinsu su zo su yi masa gaisuwa.