Yadda 'yan tsakin zabi ke koyon hanyar gida a yankin Kona

Da zarar damina ta faɗi a yankin Kona da ke jihar Maraɗi, zabi kan fara ƙwai gadan-gadan. Sai dai a nan, kamar sauran ƙauyukan Tasawa da Mayahi, ba kasafai ake barin zabuwa ta yi kwanci ba. Kaza ake sa wa ƙwan, ta kwanta a kai kwana 26 zuwa 28, alhali nata na asali kwana 21 yake yi.

Dalilin haka sananne ne ga masu kiwo: zabuwa kan ja 'ya'yanta cikin raɓa da jeji, sanyi da shirwa su gama da su. Waɗanda kaza ta ƙyanƙyashe kuwa, ita suke ɗauka uwa, su bi ta kiwo, su dawo akurki da magariba.

Masana kimiyya sun daɗe da nazarin wannan ɗabi'a. Konrad Lorenz ɗan ƙasar Ostiriya, wanda ya samu kyautar Nobel a 1973, ya nuna cewa 'ya'yan dinya kan maƙale wa abu mai motsi da suka fara gani, ko da mutum ne. A Amurka, Eckhard Hess ya gano cewa a wajen 'ya'yan agwagwa wannan koyo ya fi kama jiki tsakanin awa 13 zuwa 16 bayan ƙyanƙyasa. Binciken da Gabriel Horn da abokan aikinsa suka yi a jami'ar Cambridge da ke Ingila kuma ya nuna cewa ɗan tsakon da ya samu barci bayan horo ya fi riƙe abin da ya koya.

Wannan ya shafi matasa da 'yan ci-rani masu aiko kuɗi gida a sayi injin ƙyanƙyasa. Inji yana fitar da tsaki da yawa a lokaci guda, amma ba ya koya musu komai. Dole mai kiwo ya maye gurbin uwar tun ranar farko: wuri ɗaya mai ɗumi, kira iri ɗaya duk lokacin da zai ba su gara ko tsakin gero, sannan ya bar su su huta da dare. Idan ya yi sakaci a kwanakin farko, zabin kan tashi suna gudun mutane, suna kwana a kan itace, su yi ƙwai a jeji inda mai su ba zai gani ba. A nan jarin ke salwanta.